Taswirar Masu Bindiga a Westchester da Rockland: Yadda Rajistar Hukuma Ta Kai Mutane Har Ƙofar Gida

Ranar Asabar 22 ga Disamba 2012, kwana takwas bayan wani matashi ya harbe yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook da ke garin Newtown a jihar Connecticut, jaridar The Journal News ta ɗora wata taswira a shafinta na intanet. Jaridar yanki ce, a lokacin mallakar kamfanin Gannett, tana kawo labaran gundumomi uku da ke arewa da birnin New York, wato Westchester da Rockland da Putnam. Taswirar cike take da ɗige-ɗige. Idan ka latsa ɗaya, sai sunan mutum da lambar gidansa da layinsu su fito. Sunaye 33,614 ne, dukansu na mutanen da hukuma ta ba lasisin ƙaramar bindiga a Westchester da Rockland.

Ba kutse aka yi ba, kuma babu ma'aikacin da ya fitar da bayanan ta bayan fage. Takarda jaridar ta rubuta ta nema, magatakardan gundumomin biyu suka ba ta, don doka ce ta wajabta musu. Duk da haka, cikin kwana 27 an sauya dokar jiha, an cire sunayen daga intanet, an girke masu gadi da bindiga a ofisoshin jaridar, kuma jihohin da ba su da hannu a maganar sun fara shirin kulle nasu rajistocin.

Lasisin da inda takardarsa ke kwana

Tun daga dokar Sullivan ta 1911, a jihar New York ba a mallakar fistol ko libarba sai da lasisi. Sashe na 400.00 na kundin laifuffukan jihar ne ya tsara yadda ake bayarwa. Lasisin iri-iri ne. Akwai na ajiyewa a gida ko a shago, wanda bai ba ka damar fita da bindigar ba. Akwai na yawo da ita a ɓoye a jiki, a soke a ƙugu ƙarƙashin riga, wanda a wancan lokacin sai mai nema ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili na musamman. Tsakanin waɗannan biyu, a wancan lokacin alƙalai kan ba da lasisin ɗauka amma su taƙaita shi ga farauta da zuwa filin koyon harbi.

A birnin New York kwamishinan 'yan sanda ne ke bayarwa. A Westchester da Rockland da Putnam kuwa alƙali ne ke sa hannu, bayan an ɗauki zanen yatsun mai nema, an duba ko yana da tarihin laifi ko taɓin hankali, an kuma ji ta bakin mutanen da suka tsaya masa shaidar hali. Da zarar an amince, takardar tana komawa ofishin magatakardan gunduma, ofishin da ke ajiye takardun filaye da na shari'un gunduma. Nan ne maganar ta samo asali, domin ofishin magatakarda wuri ne da aka gina don jama'a su zo su duba takardu.

Ƙaramin sashe na 5 bai bar wata kafar tawili ba: suna da adireshin duk wanda aka ba lasisi bayani ne na jama'a. A da ma abin ya fi haka faɗi. A 1981 babbar kotun jihar ta yanke cewa ɗan jarida na iya duba takardar neman lasisin da aka amince da ita gaba ɗayanta. A 1994 majalisa ta rage, ta bar suna da adireshi kawai. Wato 'yan majalisa sun zauna sun tace, kuma abin da suka zaɓa su bari a buɗe shi ne abin da daga baya ya fi komai cutarwa. A 1994 ba a hango haka ba. Mai son sanin ko maƙwabcinsa na da lasisi sai ya ɗauki mota ya je ofis, ya cika takarda, ya jira. Wahalar nema ita ce katangar, ba doka ba.

Kotun Ƙolin Amurka ta riga ta gane wannan bambanci a 1989, a wata shari'a da 'yan jarida suka nemi hukumar FBI ta ba su tarihin laifuffukan wani mutum. Kotun ta ce ko da kowane hukunci yana nan a buɗe a wata kotu, tattara su wuri guda cikin kwamfuta abu ne dabam, kuma yana taɓa sirrin mutum. Sai dai wannan hukunci kan dokar tarayya yake, bai goge kalmomin sashe na 400.00 ba.

Yadda sunayen suka fito

Dokar samun bayanai ta jihar, wadda ake kira FOIL, ta fara aiki a 1974. Hanyarta a miƙe take. Kowa na iya rubuta wa hukuma takarda ya bayyana bayanan da yake so, kuma ba a tambayarsa abin da zai yi da su. Hukuma na da kwanakin aiki biyar ta bayar, ko ta ƙi a rubuce, ko ta ce ta samu takardar ta kuma faɗi ranar da za ta amsa. Idan ta ƙi, mai nema yana da kwana 30 ya kai kuka ga shugaban hukumar, shi kuma ya amsa cikin kwanakin aiki 10. Idan nan ma aka ƙi, sai kotu, cikin wata huɗu. Nauyin hujja a kan hukuma yake: ita za ta nuna wane sashe ne ya ba ta ikon hanawa. Kuma idan bayanan suna cikin kwamfuta, mai nema na iya cewa a ba shi su a haka, ba a takarda ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya sauya komai. Shafuka dubbai a kwali ba sa zama taswira sai an yi wata da watanni ana kwafa. Fayil ɗaya mai layin suna da layin adireshi kuwa, manhaja na juya shi ya zama ɗige-ɗige a kan taswirar Google cikin ɗan lokaci.

Jaridar ta nemi abu uku: sunaye da adireshi, irin bindigogin da kowa ya yi wa rajista, da yawansu. Gundumomin suka hana biyun ƙarshe, suka ce doka ba ta buɗe su ba. Westchester da Rockland suka ba da sunaye da adireshi. Putnam ta ce tana kan haɗawa. Jaridar ta ƙiyasta masu lasisi a gundumomin uku sun kai kusan 44,000, ba ta jira Putnam ba ta wallafa.

Abin da ɗigo yake nufi da abin da ba ya nufi

A nan ne aikin ya fi rauni, kuma raunin na sana'a ne tun kafin a kai ga maganar ɗa'a.

Ɗigo yana nufin an taɓa ba wani mai wannan suna lasisi, kuma wannan shi ne adireshin da ke cikin fayil ɗin gunduma. Bai ce akwai bindiga a gidan yau ba. Bai ma ce mutumin na raye ba. A lokacin, a Westchester lasisi yana ƙarewa bayan shekara biyar sai an sabunta, don haka jerin yana ɗan tafiya da zamani. A Rockland kuwa, a lokacin, lasisin na har abada ne muddin ba a soke shi ba. Wanda ya karɓa shekara talatin da suka wuce, ya sayar da bindigarsa, ya koma Florida ko ya rasu, sunansa na nan daram. Jaridar ta san da haka, shi ya sa ta raba ɗigon Rockland launi biyu: waɗanda suka sayi bindiga ko suka gyara bayanansu cikin shekara biyar, da waɗanda ta kira tsofaffi. Tsofaffin ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Ma'ana, a Rockland akwai gidajen da aka yi wa alama alhali masu zama a ciki ba su taɓa riƙe bindiga ba, gidan kawai suka saya daga wanda ya taɓa riƙewa. Mai duba taswira a waya ba ya tsayawa karanta bayanin launi.

Rashin ɗigo ma bai ce komai ba. A lokacin, a wajen birnin New York, doguwar bindiga da bindigar harbin tsuntsu ba sa buƙatar lasisi. Mutum na iya tara goma a ɗaki, gidansa ya fito fes a taswira. Ɗan sanda mai ci ba ya buƙatar wannan lasisi, don haka shi ma ba dole ya bayyana ba, amma wanda ya yi ritaya yana buƙata, sai ga shi da adireshinsa. Mai bindigar da ba ta da rajista, wanda shi ne ya fi dacewa a ji tsoronsa, ba ya cikin kowane jeri. Wani abin dubawa kuma, yaran Sandy Hook da doguwar bindiga aka kashe su. Da a Westchester gidan maharbin yake, wannan bindigar ba ta daga cikin abin da taswirar ke ƙirgawa.

Taswirar ba ta ware mai lasisin ajiyewa a gida daga mai yawo da bindiga a jiki ba. Ba ta haɗa sunayen da bayanan kotu don a ga ko akwai wanda bai kamata a ba shi ba. Ba ta nuna wani alƙali da ke rabon lasisi ga 'yan uwa da abokan arziki ba. Hujjar da shugabar jaridar Janet Hasson ta kafa ita ce mutane na da haƙƙin sanin makaman da ke unguwarsu, misali uwar da ɗanta ke zuwa wasa gidan maƙwabta. Damuwar uwar gaskiya ce. Amma jerin da ya tsallake dogayen bindigogi ya kuma cika da matattu da waɗanda suka ƙaura ba zai amsa mata tambayarta ba. Tambayar uwar gidan baki da baki ta fi shi amfani. Malaman aikin jarida da dama da ke goyon bayan buɗe bayanan hukuma sun soki aikin a kan wannan gaɓa: ikon wallafawa akwai, dalilin wallafawar ne babu.

Jaridar ta taɓa fitar da irin wannan jeri a 2006, da sunaye da garuruwa amma ba lambar gida, kuma ƙurar da ta tashi ba ta kai ko kusa da wannan ba.

Waɗanda abin ya taɓa

Mutanen da suka fi shiga haɗari su ne waɗanda tun asali tsoro ya sa suka nemi lasisin. Matar da ta gudu daga mijin da ke dukanta, ta sauya gari, ta samu takardar kariya daga kotu, sannan ta nemi bindiga, dole ta ba hukuma adireshinta na gaskiya. Adireshin da ta ɓoye wa kowa shi ne ya fito a shafin da ake iya bincikawa. Haka tsohon ɗan sandan da ya shafe shekaru yana kama mutane, da mai gabatar da ƙara, da wanda ya ba da shaida a kan 'yan daba. A farkon Janairu 2013 shugaban jami'an tsaron gundumar Rockland, Louis Falco, ya shaida wa manema labarai cewa fursunoni sun fara faɗa wa gandirobobi lambobin gidajensu a cikin gidan yari.

Batun ɓarayi kuwa ya fi sarƙaƙiya, kuma kowane ɓangare ya ja shi inda yake so. Masu bindiga sun kawo ƙorafi biyu da ke karo da juna: cewa taswirar ta nuna wa ɓarawo gidan da zai samu bindigar sata, da kuma cewa ta nuna masa gidan da babu mai harbinsa. Duka biyun na iya faruwa, ya danganta da irin ɓarawon. A Janairu an fasa wani gida da ke cikin taswirar a birnin White Plains na gundumar Westchester, aka yi ƙoƙarin ɓalle akwatin ƙarfen da ake ajiye bindiga, kuma sanatan jiha Greg Ball ya ɗora laifin a kan jaridar nan take. 'Yan sanda ba su tabbatar da alaƙa ba. Idan gidaje dubu talatin da wani abu ke da alama, dole cikin wata guda a fasa wasunsu ko da taswira ko babu. Binciken da ya fi kusa da amsa tambayar na Alessandro Acquisti da Catherine Tucker ne, a kan jerin da jaridar Commercial Appeal ta birnin Memphis a jihar Tennessee ta wallafa a ƙarshen 2008. Sun ga fasa gidaje ya ragu a yankunan da masu lasisi suka fi yawa bayan labarin jerin ya bazu. Amma waccan jarida ta cire lambar gida da ranar haihuwa kafin ta wallafa, don haka abin da aka auna tsoron da ɓarayi ke yi wa unguwa ne, ba haɗarin gida ɗaya da aka nuna da yatsa ba.

Ramuwa ba ta jima ba. Wani lauya a Connecticut ya tattaro sunaye da adireshi da lambobin wayar ma'aikatan jaridar ya wallafa, wasu suka mayar da su taswira. Cikin waɗanda aka fallasa har da waɗanda ba su da hannu a labarin. Aka riƙa aika saƙonnin barazana da ambulan ɗauke da farar hoda, wadda bincike ya nuna ba guba ba ce. Jaridar ta ɗauko masu gadi da makamai, abin da abokan hamayyarta suka yi ta yi mata dariya a kai. Shi ma lauyan daga bayanan da ke buɗe ya samo kayansa, kuma hujjarsa ita ce hujjar jaridar.

Putnam ta ce a'a

A farkon Janairu magatakardan Putnam, Dennis Sant, ya fito fili ya ce ba zai bayar ba, shugabar gundumar MaryEllen Odell da Sanata Ball na gefensa. Hujjarsa ita ce tsaron rayuka. Dokar FOIL ta yarda a hana bayani idan fitarsa na iya jefa rai cikin haɗari, ko idan zai zama kutse cikin sirri ba bisa dalili ba. Robert Freeman, wanda ke shugabantar kwamitin jihar mai ba da shawara kan buɗe harkokin gwamnati, ya ce wannan ba zai yi aiki ba: inda wata doka ta ambaci bayani da sunansa ta ce na jama'a ne, magatakarda ba shi da hurumin sake aunawa.

Ta fuskar doka Freeman ne ke da gaskiya, kuma kotu ta tabbatar. Jaridar ta kai ƙara, a 2014 alƙali ya umarci Putnam ta miƙa sunayen waɗanda ba su nemi a ɓoye su ba, a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta bar hukuncin yadda yake. Ta fuskar aiki kuwa Sant ya samu abin da yake so. Jinkirinsa ya ba mutanen Putnam lokacin da na Westchester da Rockland ba su samu ba, domin kafin shari'ar ta fara tafiya doka ta riga ta sauya. Wannan misali ne mai wuyar haɗiyewa. Jami'in da ya bi doka mutanensa suka sha wuya, wanda ya take ta ya zama gwarzo. Wani magatakardan da ke son ɓoye wata takarda dabam gobe ya ga yadda ake yi.

Fom ɗin neman ɓoyewa

Ranar 15 ga Janairu 2013 Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu kan dokar SAFE, wadda aka zartar cikin gaggawa don tsaurara mallakar bindiga. A ciki aka cusa gyaran ƙaramin sashe na 5. Ba a goge jimlar da ta ce suna da adireshi na jama'a ne ba. Ƙofar fita aka buɗe a gefenta.

Da farko an dakatar da fitar da kowane suna har kwana 120, zuwa 15 ga Mayu. Rundunar 'yan sandan jiha ta tsara fom, mai lasisi ya cika ya kai wa hukumar da ta ba shi lasisin. A fom ɗin zai zaɓi dalili. Rukuni na farko na waɗanda rayuwarsu ke iya shiga haɗari saboda matsayinsu: ɗan sanda ko gandiroba ko jami'in sa ido kan waɗanda aka saki bisa sharaɗi, mai ci ko mai ritaya, wanda ke da takardar kariya ta kotu mai aiki, wanda ya ba da shaida a shari'ar laifi, wanda ya zauna cikin masu taya alƙali yanke hukunci. Sai matar aure ko miji ko wanda ke zaune gida ɗaya da irin waɗannan. Sai wanda ke da wani dalilin tsoro da zai rubuta da kansa. Na ƙarshe, wanda ke ganin za a tsangwame shi ba gaira ba dalili idan sunansa ya fita.

Wannan layi na ƙarshe shi ne ainihin dokar. Bayan abin da ya faru a Disamba babu mai lasisin da ba zai iya cewa yana tsoron tsangwama ba, kuma dokar ta ce jami'i ya amince da buƙatar sai fa in an gano mai nema ya yi ƙarya da gangan. Kariyar na faɗuwa idan aka soke lasisin. Don haka abin da ya rage a jerin jama'a ba waɗanda ba su da haɗari ba ne. Waɗanda ba su ji labarin fom ɗin ba ne, da tsofaffi, da waɗanda suka ƙaura, da matattu. Jerin da dama can yake da ramuka ya zama ba ya wakiltar komai. Ɗan jarida ba zai iya bincike da shi ba, tun da wanda ke da abin ɓoyewa shi ne zai fara cika fom. Matar da ke gudun mijinta kuma, idan ba ta san da fom ɗin ba, tana nan a fili. Dokar ta kuma kafa rumbun bayanan lasisi na jiha baki ɗaya ta ce FOIL ba ta shafe shi ba, ta wajabta wa masu lasisin har abada su sabunta bayanansu duk shekara biyar, wanda shi ne maganin ciwon Rockland.

Ranar 18 ga Janairu jaridar ta cire sunaye da adireshi, ta bar hoton taswirar da ɗigonta kawai. Ta ce dokar ba ta tilasta mata ba, amma ta fahimci nufin majalisa. A lokacin an buɗe taswirar fiye da sau miliyan ɗaya, kuma wasu sun riga sun kwafe bayanan. Magana zarar bunu ce.

Abin da aka rasa da aka kulle

Ko ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: jaridar ta yi ganganci, amma dokar da ta buɗe adireshi ta rufe sauran ita ta ba ta kayan aiki mafi muni. Jerin masu lasisi yana da amfani na gaske, kuma amfanin ba ya buƙatar lambar gida.

A Janairu 2007 jaridar Sun-Sentinel ta Florida ta ɗauki jerin masu lasisin yawo da bindiga da ta samu kafin jihar ta kulle shi a 2006, ta gwama shi da bayanan kotuna. Ta gano mutum fiye da 1,400 da suka amsa manyan laifuffuka ko ba su musa ba amma suna riƙe da lasisi, saboda alƙali ya jingine hukuncinsu, da 216 da ake nema da sammacin kamu, da 128 da kotu ta hana kusantar iyalinsu saboda duka. A Disamba 2011 jaridar New York Times ta yi irin wannan a North Carolina. Cikin masu lasisi sama da 240,000, fiye da 2,400 an same su da laifi cikin shekara biyar ban da laifin tuƙi. Kashi ɗaya cikin ɗari ke nan, adadin da masu bindiga ma za su iya kafa hujja da shi cewa galibinsu masu bin doka ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kusan rabin waɗanda aka samu da babban laifi hukuma ba ta soke musu lasisi ba.

Yadda ake irin wannan aiki sananne ne. Ana buƙatar cikakken suna da ranar haihuwa don kada a ɗora wa wani laifin mai sunansa, da ranar bayarwa da ta ƙarewa, da matsayin lasisin. Duk sunan da ya yi daidai a jeri biyu sai an bi shi zuwa fayil ɗin kotu an tabbatar da hannu. Abin da ake wallafawa a ƙarshe gazawar hukuma ce da sunayen 'yan kaɗan da aka tabbatar, ba mutum dubu talatin da ba su yi komai ba. A inda jami'i ke da ikon ba wanda ya ga dama, jerin ne kaɗai ke nuna wa ake ba. Kotun ƙolin Kalifoniya ta kafa hujja da wannan a 1986 da ta buɗe takardun neman lasisi, kuma a 2022 aka samu tsohuwar shugabar jami'an tsaron gundumar Santa Clara, Laurie Smith, da laifin rashawa a shari'ar da ta shafi fifita masu ba ta gudummawar kamfe wajen rabon lasisi.

Majalisun jihohi ba su tsaya rarrabe layin adireshi da layin ranar haihuwa ba. Virginia ta fara rufewa tun 2007, bayan jaridar Roanoke Times ta saka sunaye kusan 135,000 ta kuma cire su cikin gaggawa, a 2013 ta hana magatakardan kotu ma bayarwa. A Fabrairu 2013 jaridar Bangor Daily News ta Maine ta nemi jeri, ta ce ba wallafawa za ta yi ba, duk da haka majalisa ta yi dokar gaggawa cikin kwanaki. Tennessee da North Carolina sun kulle a shekarar. Louisiana ta wuce kowa, ta mayar da wallafa sunan mai lasisi laifi mai tarar dala 10,000 da ɗaurin da ka iya kai wata shida. Binciken da aka yi a Florida da North Carolina yau ba zai yiwu a jihohin ba.

Kullewar ma ba ta ba da tabbacin sirri ba, domin bayanan suna nan a hannun hukuma. Ranar 27 ga Yuni 2022, kwana huɗu bayan Kotun Ƙolin Amurka ta rushe sharaɗin ƙwaƙƙwaran dalili na New York, ma'aikatar shari'ar Kalifoniya ƙarƙashin babban lauyan jihar Rob Bonta ta buɗe wani shafi na alƙaluman bindiga. Niyyar a nuna jimloli ne kawai. Amma an ɗora cikakken fayil ɗin a ƙarƙashin zanen ƙididdigar ba tare da an cire layukan sirri ba, kuma saitin manhajar Tableau da ke barin baƙo ya sauke asalin bayanan yana buɗe. Kafin a rufe shafin, ƙasa da kwana ɗaya, bayanan mutum kusan 192,000 da suka nemi lasisin yawo da bindiga sun fita: suna, ranar haihuwa, adireshi, lambar lasisin tuƙi, da tarihin laifi, har da na waɗanda aka hana lasisin. Kamfanin lauyoyin da aka ɗauka ya bincika ya ce ba da gangan aka yi ba, ƙarancin horo ne da rashin mai duba aikin kafin a saki. An sauke fayil ɗin sau 2,734 daga adireshin intanet 507.